Roba Tsakanin Ƙarfe Biyu

Kumfa ta fara tasowa tun kafin Auta ya ɗauke burushi daga kan notin da ya haɗa bututun injin sanyi. Ya ƙara shafa ruwan sabulu, ya matso da fuskarsa. Wani ƙwallon kumfa ya kumbura kamar idon kifi, ya fashe, wani ya biyo shi.

"Ga ta inda gas ɗinki yake gudu, Hajiya," ya ce, ba tare da ya ɗago ba.

Hajiya mai kifi tana tsaye a kansa a lungun bayan ɗakin sanyinta, ta tattare zani saboda ruwan da ke malalowa daga ƙarƙashin bango. Tun jiya injin yake ta gurnani a banza, sanyi ya ƙi zama. Kifin da aka sauke mata cike da mota ya fara laushi daga katan-katan ɗin sama, ƙarni har ya fara kiran ƙuda.

"To ɗaure shi mana! Ba sifana ce a hannunka ba?"

"Ɗauri ba ya maganin wannan."

Ya rufe bawul ɗin gas, ya kama notin da sifana biyu ya kwance. Bututun jan ƙarfe ya rabu da mahaɗinsa na tagulla, wani baƙin abu ya faɗo a tafin hannunsa, jiƙe da mai. Zoben roba ne, irin wanda ake sa wa famfon ruwa. Ya baje, ya bushe, ya tsage ta gefe ɗaya.

Auta ya daɗe yana kallonsa. Wani daɗi ya riƙa ratsa ƙirjinsa a hankali, kamar mai ƙishirwa ya samu randa.

"Wa ya haɗa miki wannan ɗakin?" ya tambaya, ko da yake ya san amsar.

"Kai ma ka sani. Yayanka ne. Tun jiya nake aika masa, kullum sai 'ga ni nan zuwa'. Da ya zo, wallahi da ban kira ka ba. Kada ka ji haushina, ka san abin da ake faɗa a kanka a kasuwar nan."

Ya sani. Marigayi babansu shi ne ya fara gyaran firij da injin sanyi a wannan kasuwa, ya mutu ya bar wa 'ya'yansa biyu shago da suna mai kyau. Abu na farko da ya koya musu shi ne buɗa bakin bututu. Za ka yanke shi daidai, ka kankare, ka matse shi a na'urar buɗa baki har ya yi faɗi kamar bakin mazurari, sumul, ba tsaga ba karkata. Idan noti ya danna wannan baki a jikin tagulla, ko iska ba ta samun hanya. "Ƙarfe da ƙarfe ne," in ji Baba, "ba sa bukatar mai shiga tsakani." Roba takan riƙe yau da gobe, amma zafi da sanyi da man inji sai sun cinye ta, gas ya riƙa sulalewa ba wanda ya ji.

Bara suka haɗa wa mahauta ɗakin sanyi. Auta ya yi wayoyin wuta ya kafa inji, Yaya ya ce a bar masa bututu, shi kaɗai zai yi. Bayan 'yan watanni gas ya tsiyaye, naman mutane da yawa ya ruɓe a dare ɗaya. Yaya ne ya riga isa wurin. Kafin Auta ya zo ya yanke duk mahaɗan ya zuba a jakarsa, sannan ya tsaya a gaban mahauta ya ce, "Ƙanena ne ya haɗa bututun. Yaro ne, ku yi masa haƙuri."

Ba su yi haƙuri ba. An shaƙe Auta da rigarsa, an ja shi daga layin nama har bakin titi, wani ya watsa masa ruwan wanke hanji a ka. Tun daga ranar yaran kasuwa da manyanta suke kiransa Mai Ɗoyi. Ya je gida zai fasa ƙwai, Umma ta riƙe hannunsa tana hawaye, ta ce kada ya tona wa yayansa asiri, ita ta roƙa. Ya haɗiye. Ya bar shagon ubansa da akwatin kayan aiki ɗaya, ya koma yawo a kan babur yana gyaran firjin gidaje, inda ba a san shi ba.

"Me kake jira?" in ji Hajiya. "Kifina fa!"

Auta ya ajiye sifana a kan akwati, ya goge hannunsa da tsumma, yatsa bayan yatsa.

"Ba zan sake taɓa noti ko ɗaya ba sai da shaidu."

"Shaidun me? Aure zan ɗaura?"

"Idan na gyara yanzu, gobe wani abu ya faru, za a ce Mai Ɗoyi ya sake yi. A kira min shugaban mahauta. A kira maƙwabtanki. A ɗauko Yaya, ko a ɗaure ne. Sauran mahaɗan a gabansu zan kwance."

"Kai ɗan nan, ka ji tsoron Allah. Kowane minti kifin nan mutuwa yake ƙarawa."

"Kifi ai ya riga ya mutu, Hajiya. Ni ne aka binne da rai."

Ta dube shi, ta ga ba wasa a idonsa. Ta yi tsaki mai tsawo, ta ƙwala wa direbanta kira, ta ce ya je shagon da ke ƙarshen kasuwa, kada ya dawo sai da mai shagon.

Auta ya zauna a kan akwatinsa yana jira. Yana jin ɗigar ruwa daga cikin ɗakin, ɗis, ɗis, ya san kowane ɗigo asarar matar nan ce, wadda ba ta taɓa yi masa komai ba. Bai motsa ba. Shekara guda yana kwana yana tashi da wannan rana a zuciyarsa. Har kalmomin da zai faɗa ya tanada, ya sha maimaita su a kan babur, iska tana dukan fuskarsa.

Labari ba ya bukatar mota a kasuwa. Kafin direba ya dawo lungun ya cika. Masu kaji, mai ƙanƙara, masu dako da suka ajiye baro, da shugaban mahauta, wani ƙato mai furfura wanda shi ne ya fara shaƙe Auta a bara. Ya tsaya ya harɗe hannu, bai gaishe shi ba.

Yaya ya iso cikin farar riga mai guga, hannunsa na dama a aljihu, yana murmushin da kowa ya san shi da shi.

"Hajiya, ai da kin ƙara haƙuri kaɗan. Me ya kai ki kiran wannan? Ko kina so kifinki ya bi naman bara?"

Wasu suka yi dariya. Auta ya miƙe.

"Sannu da zuwa, Yaya. Jama'a, ku matso. Wannan ɗaki ban taɓa sa ƙafa a cikinsa ba sai yau. Hajiya, haka ne?"

"Haka ne."

"Wa ya haɗa bututun?"

"Yayanka, shi kaɗai. Ni na riƙa kai masa ruwan sha."

Auta ya durƙusa ya kwance noti na biyu. Zoben roba ya faɗo. Ya ɗaga shi sama kowa ya gani, ya ajiye a kan murfin akwati. Ya kwance na uku, haka. Na kusa da inji ma haka, har ya narke ya manne a jikin tagulla sai da ya ɓanɓare shi da farce. Ya jera su a layi kamar mai tallar zobe.

"Don Allah mai ƙanƙara, ɗauki ɗaya ka lanƙwasa."

Mai ƙanƙara ya lanƙwasa, robar ta karye kamar busasshen ganye.

"To sai me?" in ji Yaya, muryarsa ta ɗan ɗaga. "Gaskit ne. Kamfanoni ma suna yin gaskit na irin wannan mahaɗi, ana sayarwa a shago. Zamani ya wuce na Baba. Kai da kake yawo a gidaje kana gyara wa mata firij, me ka sani?"

"Wanda kamfani yake yi na jan ƙarfe ne, siriri kamar farce, kuma ana sa shi ne idan tagullar ta samu tabo. Wannan kuwa tagulla sabuwa ce fil. Robar famfo ce ka cusa, Yaya. Ko mai sayar da kayan famfo na nan a kira shi ya gane kayansa?"

"Ni ne nan," wani ya amsa daga baya. "Fakiti-fakiti yake saya. Na zaci famfon unguwarsu duka yake gyarawa."

Dariya ta ɓarke, wannan karon ba a kan Auta ba. Shugaban mahauta bai yi dariya ba. Ya sauke hannuwansa daga ƙirji.

Auta ya ɗaga bakin bututun da ya kwance don a gani. Sai a lokacin shi kansa ya dube shi da kyau. Bakin ya karkace, gefe ɗaya faɗi, ɗaya tsuke, ga tsaga siririya a leɓensa. Abin ya ɗan ba shi mamaki, domin a duk garin ba a taɓa yin mai buɗa baki kamar Yaya ba. Baba da kansa yakan ɗauki aikin Yaya ya nuna wa baƙi. Amma Auta ya ce a ransa, lalaci ne da son gama aiki da wuri, ya ture mamakin gefe.

"Roba ba laifinta ba ne," in ji Yaya. "Wutar da ake ɗaukewa ana kawowa ce ta lalata injin."

"To mu bar gardama." Auta ya buɗe akwati ya fito da guntun sabon bututu, da abin yanka, da na'urar buɗa baki. Ya ajiye su a gaban yayansa. "Ga kaya. Buɗa baki ɗaya a nan, a gaban mutane, a ɗaura ba roba. Idan ya riƙe, na rantse na bar sana'ar nan har abada, in yarda ni na ruɓar da naman bara. Idan bai riƙe ba, kowa ya san wanda ya yi ƙarya a cikinmu."

"Ni za ka gwada? Ni na koya maka riƙe sifana."

"Shi ya sa ba zai ba ka wuya ba."

"Yi mana," in ji shugaban mahauta. Wannan ce maganarsa ta farko, kuma ba roƙo ba ne.

Yaya ya dubi jama'a, ya dubi hanyar fita daga lungun, wadda masu dako suka toshe da barorinsu. Ya tattare farar rigarsa ya tsuguna. Ya ɗauki bututun da hagu. Sannan a hankali ya zaro hannun damansa daga aljihu.

Hannun yana rawa. Ba rawar tsoro ba ce, Auta ya san ta tsoro. Wannan daga wuyan hannu take tasowa, babban yatsa da manuni suna gogar juna kamar mai jan carbi, ba tsayawa. Yaya ya danne shi a kan gwiwa, ya ɗan lafa, da ya ɗaga ya kama abin yanka sai ta dawo. Ƙarfen ya riƙa ƙwanƙwasar bututun, ƙas-ƙas-ƙas.

Nan take komai ya jeru a kan Auta. Yadda Yaya ya fara korar shi daga wurin haɗa bututu, ya ce ya je ya yi wayoyin wuta. Yadda ya daina shan shayi a shago. Yadda ya koma gaisawa da hannu biyu. Robar ba ta lalaci ba ce, mayafi ce. Mutumin da ba ya iya buɗa baki daidai ne yake toshe ɓarakar da abin da ya samu.

Yaya ya yanke bututun a karkace. Ya matse shi a na'ura, ya fara murɗawa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Da ya kwance, bakin ya tsage gida biyu kamar leɓen da ya sha naushi.

Yaya ya ɗago ya dubi ƙanensa. Idonsa ya yi roƙon da bakinsa bai taɓa yi ba.

Auta ya ga roƙon. Ya tuna cewa mai wannan hannun ne ya riƙa goya shi zuwa makaranta a kan keke. Sai kuma ya tuna ruwan hanji yana gangarowa cikin kunnensa, da matarsa tana wanke rigar tana kuka a ɓoye. Ya tuna cewa da Yaya ya ce masa, "Auta, hannuna ya lalace, riƙe min bututu," da zai riƙe masa har ƙarshen rayuwa, ba wanda zai ji. Amma Yaya ya gwammace ya jefa shi ga mahauta da ya furta wannan kalma.

Ya sa hannu a akwati ya zaro wani guntun bututu, ya ajiye a gaban Yaya.

"Wataƙila wancan bututun ne ba shi da kyau," ya ce da murya mai taushi. "Sake."

"Kai, ya isa haka," in ji Hajiya.

"A'a, Hajiya, kada a ce ban yi masa adalci ba. Sake, Yaya."

Yaya ya sake. Wannan karon bai kai ga murɗawa ba. Na'urar ta suɓuce ta faɗa cikin ruwan kifi. Ya tsaya a tsugune yana kallonta, hannun yana ta rawarsa a kan gwiwa, kowa yana gani.

"Ashe kai ne," in ji shugaban mahauta. "Ka tsaya kana kallo muka yi wa yaron nan abin da muka yi." Ya juya ga Auta. Sai kawai ya cire hularsa ya mayar, ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, malam."

Ba wanda ya taɓa Yaya. Masu dako suka janye barori suka ba shi hanya, ya wuce ta tsakiyarsu, gefen farar rigarsa ya jiƙe da ruwan ƙarni. Auta ya so a ce an yi wa Yaya ihu. Shirun ya fi ihu ciwo, ya sani, kuma ya ji daɗin hakan.

Sannan ya kama aiki. Ya yanke duk bakunan da suka karkace, ya buɗa sababbi, kowanne sumul, ya ɗiga ɗan mai a bayansu ya ɗaure. Ya zuƙe iskar da ke cikin bututu, ya cika gas, ya bi kowane noti da ruwan sabulu. Ko kumfa ɗaya ba ta tashi ba. Kafin la'asar raɓa ta fara kwanciya a jikin bututun, ɗakin ya fara hura sanyi. Amma layin katan-katan na sama ya riga ya tafi, masu dako suka yi ta fitar da su suna toshe hanci.

Hajiya ta sallame shi a bakin ƙofa, ba ta rage masa komai ba.

"Da ka fara tun da safe, da waɗancan sun tsira," ta ce.

"Na sani."

"Ka iya aiki, ba ƙarya. Daga yau kai ne mai gyarana." Ta gyara mayafinta. "Amma na gode wa Allah da ba ciki ɗaya muka fito ba."

Rana ta yi sanyi lokacin da ya faka babur a ƙofar gidan Umma. Ya shigo da ƙirji a buɗe, ya zo ya ga fuskarta idan ta ji wane ne maƙaryaci a cikin 'ya'yanta. Ya tarar da ita a tsakar gida a kan tabarma, matar Yaya tana gefe idonta ja, yaranta sun yi cirko-cirko a jikin bango. Da matar ta gan shi sai ta tashi ta shige ɗaki.

"Umma, kin ji abin da ya faru?"

"Na ji. Zauna."

"Hannunsa ne, Umma. Hannunsa rawa yake yi, shi ya sa yake cusa roba. Shi ya ruɓar da naman, ba ni ba."

"Ni na raka shi asibiti," in ji Umma. "Tun kafin aikin mahauta."

Auta ya ji kamar an zare tabarmar daga ƙarƙashinsa.

"Kin sani? Ranar da na zo nan ina wari, kika riƙe hannuna, kin sani?"

"Na sani." Ba ta kawar da ido ba. "Na duba na ga kai hannunka lafiya, duk inda ka je za ka ci abinci. Shi kuwa suna kaɗai ya rage masa. Na ce a bar masa sunan. Ban ce na yi daidai ba. Uwa ce ni, na zaɓi wanda zai iya ɗaukar duka."

"Sai kika ba da ni."

"Na ba da kai. Yau kuma ka karɓi kanka, har da riba."

Ta ɗaga gefen tabarma ta ciro makullin shago da wayar shagon, tsohuwa mai fasasshen gilashi, ta tura su gabansa.

"Ya kawo ɗazu. Ya ce a ba ka, ba zai sake taka kasuwa ba. Shagon ubanku ya zama naka kai kaɗai, yadda kake so. Waɗannan kuma," ta nuna yaran da haɓa, "daga shagon suke ci, ka sani."

Auta ya ɗauki makullin. Ya yi zaton zai fi haka nauyi, ko ya fi haka daɗi. Yana juya shi a hannu wayar ta fara ruri a kan tabarma. Ya dubi Umma.

"Tun da ya ajiye ta take kuka," ta ce. "Labari ya zaga gari. Shekara biyu yana haɗa wa mutane bututu da wannan hannun. Mai kantin magani ya kira, masu madara sun kira, da wani mai otal. Kowa yana so a zo a buɗe nasa a gani, kuma ba wanda zai biya sau biyu. Wanda ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski."

Wayar ta katse, ta sake ɗaukar ruri. Ƙaramar 'yar Yaya ta matso ta ɗauke ta da hannu biyu ta miƙa masa.

"Baba ƙarami, ana kira."

Ya karɓa ya kara a kunne. Muryar wani mutum ta fashe da faɗa tun kafin sallama: firjin da yake ajiye alluran masu ciwon suga ya fara ɗumi, kuma ya ji abin da aka gano yau a wurin mai kifi.

"Ba shagonku ne ya yi min aikin nan ba?"

Auta ya dubi ƙofar ɗakin da matar Yaya ta shige, ya dubi babur ɗinsa da ko injinsa bai huce ba.

"Namu ne," ya ce. "Kada ka buɗe firjin. Faɗa min kwatance."